Ta Hanci Na Ji

Yaya,

Ina tsaye ina guga a wurin aiki sai na ji ƙauri. A lokacin na gane aikin da aka yi min a hanci ya yi: ta hanci na ji, bakina a rufe! Zanen gadon mutane yana ƙonewa, ni ina dariya.

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Kada ki damu, kumburin ya sauka, sai ɗan jini in na sunkuya. Ni na kai kaina asibiti, na dawo da ƙafata. Likita ta ce ƙashin tsakiyar hancin ne ya karkace, ta daidaita shi. Yanzu ina hawa bene ba haki.

Na ji dangin marigayi mijina suna cewa kwalliya na yi don neman miji. Ki nuna musu hotona. Hancin nan namu na gado yana nan, kamar an zauna a kai. Shi marigayin ne ma ya yi ta roƙona in yi, yana kirana injin markaɗe saboda minshari. Allah ya jiƙansa, bai ji shirun ba.

Rigarsa da na taho da ita tana ƙulle a leda. Har yau ban buɗe na shinshina ba.

Ƙanwarki