Direba a Ƙasar Takubba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu ma lafiya lau, sai kewarka.

Ka tambayi jikin Baba. Ka san tun da hannunsa na hagu ya shanye ya daina fitowa falo, ko likitan motsa jiki ya zo sai ya juya masa baya. To, ranar Asabar ya fito, kuma wasan labarin nan da ka ƙirƙiro mana ne ya fito da shi.

Muna kan teburin cin abinci, mun baje taswirar da ka zana a bayan kalanda, Anti matarka tana ba da labari a madadinka, sai ga Baba ya ja kujera wai shi ma zai yi. Na lissafa masa rukunai huɗun da ka rantse babu na biyar: jarumi, matsafi, ɓarawo, mai magani. Ya ce duk ba ya so, shi direba ne. Yaya, direba a ƙasar ganuwa da takubba! Dariya ta kuɓuce wa Dogo, abokinka mai wasan ɓarawo. Baba ya dafa tebur zai tashi, ni kuwa na san in ya koma ɗakin nan ya koma ke nan.

Wallahi ka iya zaɓen mata. Anti ko gezau. Ta ce dama mun makale a bakin daji ba mai sanin hanya, ga madugu Allah ya kawo, mai jagorantar ayari. Nan take ta tsara masa rukuni: ba takobi, ba tsafi, amma ba mai motsawa sai da izininsa. Baba ya koma ya zauna.

Ka yafe mana karya dokarka. Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, kuma ƙorafinka cewa rukuni na biyar zai ɓata lissafin wasa ya sha dariya a wurin Anti.

Madugunmu ya addabe mu. Duk zango sai ya ƙirga fasinja, kamar yadda yake yi a motarsa shekara da shekaru. Jiya ya ƙirga, ya ga takardar jaruminka a gefen taswira, ya tambaya. Muka ce tun tafiyarka muka bar shi da rauni a wani masauki, can bayan kogi. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce shi bai taɓa barin fasinja a hanya don ya ji ciwo ba, a juya ayari.

Dogo ya yi ta magiya, ga taska a gabanmu. Anti kuwa ta ce kogin ya cika, sai madugu ya jefa ɗan ludo a ga ko za mu haye. Ta ajiye ɗan ludon ta hagun Baba, ta ci gaba da gyara taswira kamar ba da gangan ta yi ba.

Duk muka zuba ido. Hannun nan ya ja jiki a kan tebur yana rawa, ya tura ɗan ludon da yatsa biyu. Ni ban ma ga abin da ya fito ba, hawaye ya rufe mini ido. Anti ta ce mun haye.

Yau da safe shi da kansa ya tambayi yaushe likita zai dawo. Ya kuma ce in faɗa maka ayari yana ƙofar masauki, ba zai tashi ba sai fasinja ya shigo.

Taka har kullum,
Auta