Ƙarafan da Auta Ya Bari a Bayan Ƙofa

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Da fatan tarin nan ya sake ka, kuma kana cin abinci a kan lokaci, ba ka kurɓi shayi ka ce ka ƙoshi ba. Mu nan sai godiyar Allah. Bakin Babanku ya fara saki bayan shanyewar ɓarin jikin nan, jiya har faɗa ya yi mini a kan labule, ka ga kuwa sauƙi ya samu. Hannun hagu da ƙafar ne dai har yanzu shiru.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba zan iya faɗa maka wannan ba. Ranar Laraba na zo ɗaga shi daga gado zuwa kujerarsa mai taya, bayana ya riƙe, muka zube tare. Babu wanda ya ji ciwo, amma mun fi rabin awa a ƙasa muna kallon silin kafin maƙwabcinmu mai gyaran wuta ya ji kirana. Da Yayanku ya ji, sai ya ce zai kwashe mu zuwa gidansa, ya ɗauko mai jinya. Na san tausayi ne. Amma ka san Babanku, mutumin da ko jakarsa bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ba. Tun ranar ya juya wa bango fuska. Na roƙi Yayanku wata uku in gwada jinyar da kaina, ya ba ni da ƙyar.

Ka tuna ƙarafan motsa jikinka guda uku, masu kama da buta marar baki, da ka bari a bayan ƙofa? Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa wa Babanku ta gan su. Ta ce ba ƙarfi na rasa ba, da baya nake ɗauka maimakon ƙugu da cinyoyi, shekarun da na yi a kan keken ɗinki sun tanƙwara ni. Ta ce ba sai na je gidan motsa jiki ba, lungun da ke tsakanin kicin da falo ya ishe ni. Da ma wa zan bar wa Babanku in tafi? Ta koya mini in tura ƙugu baya kamar zan rufe ƙofa da shi, baya a miƙe, in taka ƙasa da duga-dugai in tashi. Ƙaramin na fara da shi, mai kilo takwas. Kada ka yi dariya.

Allah ya yi maka albarka.
Ummanka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga saƙonka da hotunan da ka zana mini na yadda ake tsayuwa. Mutumin da ka zana ya fi kama da kaza, amma na gane.

Yau sati shida ke nan. Kowace safiya, idan na gama ba Babanku magani, sai in naɗe kafet ɗin lungu in ɗaure gyale a ƙugu. In ɗaga ƙarfen in ajiye sau goma, in rungume shi a ƙirji in tsuguna, sannan in riƙe shi da hannu ɗaya in je ƙofa in dawo kamar mai ɗauke da bokiti. Satin farko ko sauka daga gado sai da addu'a. Akwai ranar da na zauna a kansa na yi kukana na share hawaye, domin na ga kamar wahalar banza nake yi. Yanzu kuwa na koma mai kilo sha biyu, har lilo nake yi da shi tsakanin ƙafafu. Ranar farko saura ƙiris in aika shi cikin talabijin.

Gwaggonku ta shigo ta same ni ina haki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsofai-tsofai da ni zan shiga dambe. Da za ta tafi na ɗauki tukunyar gas na kai kicin da hannu ɗaya, ina ganinta ta gefen ido tana bin hannuna da kallo.

Abin da ya fi yi mini daɗi, Babanku ya sa na riƙa tura kujerarsa bakin lungun, shi ke yi mini ƙirge. Da farko "bakwai" ba ta fita sai ya maimaita sau uku, ni kuma ina tsugune da ƙarfe ina jiransa. Yanzu har zamba yake yi mini, daga takwas ya koma shida, in na harare shi ya kawar da kai. Ma'aikaciyar ta ce ƙirgen nan ya fi masa rabin aikin bakin da take ba shi. Tafin hannuna ya yi kanta, zare har maƙalewa yake yi, kuma ban damu ba.

Ka gaida abokan zamanka.
Ummanka.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Zauna ka karanta a natse.

Ranar Asabar wa'adin ya cika. Yayanku ya zo da safe da akwatuna biyu babu komai a ciki. Muna gaisawa a falo muka ji faɗuwa. Babanku ne ya miƙa hannu zai ɗauki rediyo, ya zame daga kujera. Yayanku ya ruga zai cafe shi ta hammata, sai Babanku ya ɗaga masa hannun dama, ya ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya:

"Bari. Ita za ta ɗaga ni."

Na duba ko ya ji ciwo, na juya shi gefe, na taimaka masa ya durƙusa ya dafa kujera, kamar yadda aka koya mana. Na ɗaura masa bel ɗin jinya a ƙugu na kama, na ware ƙafafu, na tura ƙugu baya. Shi ya ƙirga. A na uku ya taka da ƙafarsa mai lafiya, ni na tashi da shi. Auta, sai ga Babanku a zaune, ni a tsaye, bayana lafiya lau.

Daga baya Yayanku ya je ya gwada babban ƙarfen mai kilo sha shida, ya sunkuya da baya, ni da Babanku muka haɗa baki muka tsawata masa. Mun yi shawara cikin mutunci: muna nan a gidanmu, mai jinya zai riƙa zuwa sau biyu a sati saboda hawa da saukar bene idan za a je asibiti. Ni na kawo wannan da kaina, domin na san iyakata. Akwatunan sun koma yadda suka zo.

Bayan ya tafi ina gyara wa Babanku matashi, sai ya riƙe hannuna yana shafa kantar da ɗan yatsa. Ya ce shekara arba'in da ɗaya yana tsammanin shi ke ɗauke da gidan nan. Na ce masa ya sake ni, tukunya na kan wuta. Babu komai a kan wutar. Na shiga kicin na tsaya ina ta murmushi ni kaɗai kamar sabuwar amarya.

Kada ka nuna masa na gaya maka.

Wadda ke yi maka addu'a kullum,
Ummanka.