A Mayar Da Sunan Mijina Cikin Jerin Masu Jiran Na'urar Maganaɗisu

Zuwa ga Babban Likita mai kula da sashen ƙwaƙwalwa, ranka ya daɗe.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni ce Rifkatu, malamar firamare mai ritaya a Kagoro, matar Bulus da kuke dubawa.

Na farko, shekara shida ke nan mijina yana jin muryoyin da ba wanda yake ji sai shi. Magani ya kwantar masa da jiki, amma muryoyin suna nan. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyar da waƙa a cocinmu, yanzu rediyo yake mannawa a kunne don ya danne su. Sai in kira shi cin abinci sau huɗu kafin ya waiwayo.

Bara kun yi mana bayanin na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a gefen kai, ba tiyata, don waɗanda magani bai kashe musu muryoyin ba. Kun ce ba kowa take yi wa aiki ba. Mun yarda, aka rubuta sunansa.

Na biyu, laifina ne, ba zan ɓoye ba. Da damina ya samu mako uku bai ji muryoyin ba, ni kuwa da rawar kai na ɗaura sabon zani, na kai doya gaban coci, na ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da shi. Mata suka yi ta guɗa. Da muryoyin suka dawo, ya ƙi faɗa wa kowa, don kada in zama maƙaryaciya a gaban jama'a. Likitanku ya tambaye shi, ya ce sun tafi. A minti biyar aka rufe fayil, aka cire sunansa. Ina zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya kira ni. Haba, ranka ya daɗe, shekara shida a minti biyar?

Roƙona a sake duba shi, a tambaye ni ni ma, a mayar da sunansa. Ranar Lahadin da ta wuce na tashi a coci na janye shaidata, kunyar ban mutu da ita ba.

Ina kewar mijina, alhali kullum muna ɗaki ɗaya. Ban ce sai ya koma waƙa ba. So nake in ce Bulus sau ɗaya, ya amsa.

Ubangiji ya ƙara maka basira, ya tsare iyalinka.

Wassalam,
Rifkatu Bulus, Kagoro.