Rigunan da Muka Tarar a Akwatin Idirisa

Unguwar Zariya, Maraɗi.

Zuwa ga jikata Rahma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Zakariya'u da yara, Ya tsare ku a Abijan, Ya ƙara miki haƙurin rashin mahaifi. Mu nan da sauƙi. Ƙafafuna sun ƙara kumbura, yawancin kwanaki masallacin ƙofar gida ne iyakata. Gwaggonki Atika tana aiko da abinci safe da yamma, ina ci don kada kwano ya koma cike ranta ya ɓaci. Masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, an naɗe tabarmi. Har yau ban yi kuka ba. Mutane suna yaba haƙurina, ni kuwa ban san ko haƙuri ba ne.

Atika ta kunna mini saƙon muryarki. Na ji kin ce ba kya son komai cikin kayan mahaifinki sai rigar ƙwallo guda, ki ajiye wa ɗanki da ya ci sunansa. Ta ce in amsa miki ta waya, na ƙi. Magana irin wannan na fi iya ta da alƙalami.

Ni a rediyo na san wasan mahaifinki Idirisa. Ya fara ba takalmi a filin bayan lakwal ɗin da nake koyarwa, ƙungiyar gari ta ɗauke shi, daga nan sai Yamai. Ɗan wasan gaba ne, mai lamba tara, aikinsa jefa ƙwallo a raga. Ya yi shekaru a Gabon, inda aka haife ki, ya wuce Aljeriya, har ƙasar Turai ya taka kafin gwiwarsa ta lalace. Ya dawo da ɗingishi, ya buɗe rumfar tayoyi a hanyar tasha. Tun daga lokacin ban ji ya ƙara zancen ƙwallo ba, ni ma ban tambaye shi ba. Muna cin tuwo kwano ɗaya, mu yi hirar damina da farashin gero.

Bayan sadakar bakwai aka fito da kayansa don a san na rabo. A ƙarƙashin gado muka tarar da akwatin ƙarfe cike da rigunan ƙwallo, a wanke, a ninke, kowace da launinta. Ni na karanta abin da ke rubuce a bayansu, tunda ni ne mai boko a wurin. Babu ko ɗaya mai sunansa, duk sunayen wasu mutane ne, na ƙasashe daban-daban. Ƙanena Ilyasu, wanda ya zo daga Jiratawa, ya ce wannan kayan mutane ne, ko aro ko ajiya, bai halatta su shiga gado ba, kuma barin su nauyi ne a kan mamaci cikin kabarinsa. Ya ce tunda ba mu san inda masu su suke ba, a bayar da su sadaka da sunan masu su. Kowa ya ga haka ne daidai, ni ma na gani. Ilyasu ya tafi da rabi Jiratawa, sauran aka raba wa mabuƙata a masallacin Juma'a na Tsibiri.

Daga baya Tanimu ya zo gaisuwa daga Yamai. Abokin wasan mahaifinki ne, tare suka tafi Gabon. Ya tambayi akwatin, na faɗa masa. Sannan ya ce al'adar 'yan ƙwallo ce, in an tashi babban wasa, wanda ya ji jiki a hannunka ya zo ya tuɓe rigarsa ya ba ka, kai ma ka ba shi taka, alamar ya yarda da kai. Ya ce kowace riga a akwatin nan wasa ce da Idirisa ya buga, halalinsa ce, da guminsa ya same ta. Rigunan Idirisa na kansa kuwa, su ya bayar a musaya. Na ce to. Na kira Atika ta kawo masa ruwa.

Makon jiya na hau kabu-kabu zuwa asibiti a duba ƙafafuna. Sai da muka hau titi na lura da abin da na riƙe: koriyar riga ce a jikin mai babur, daga cikin na akwatin nan, na gane sunan. Mai babur ɗin magidanci ne ɗan Tsibiri. Na ce rigarsa ta yi kyau. Ya ce sadaka ce ya samu, ba ta riƙe gumi, kullum yana yi wa mai ita addu'a. Na riƙe ta har ƙofar asibiti, na sauka, ya tafi. Ban roƙe shi ba, Rahma. Abin da aka bayar don Allah ba a karɓo shi, kuma ko na karɓo, ba ita kika tambaya ba.

Saboda haka amsarki ita ce babu riga a wurina. Amma Tanimu ya tuna wani mai tsaron baya, mutumin ƙasar da kike, ana ce masa Kwasi, wanda suka yi musaya da Idirisa a Gabon. Ya ji labarin yana da garejin motoci a Abijan. Ki roƙi Zakariya'u ya neme shi. Ya fara gaya masa rasuwar, don mai yiwuwa bai ji ba. Kada ya yi masa zancen saye. In ya hana, ku bar shi, tasa ce.

In kuwa ya bayar, ki ajiye wa yaron. Ni hoto kawai nake so, a turo wayar Atika, hoton bayan rigar. Tanimu ya ce can ƙasashen ba sa rubuta sunan mutum na yanka, na ubansa suke sawa. Ya ce duk shekarun nan Maliki ne a bayan ɗana, da manyan baƙaƙe, ana hango shi daga ƙarshen fili. Ina so in gani tun idona yana karatu.

Atika tana gaishe ki, haka Ilyasu, wanda har yanzu ban gaya masa zancen Tanimu ba. Ki gaishe da Zakariya'u da ɗiyarki Balkisu, ki shafa mini kan ƙaramin Idirisa. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya yi muku albarka.

Kakanki,
Maliki