Ranar Mutuwar Telmo

Luxembourg, 9 ga Maris

Yaya Deolinda,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen ƙauye? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya wuce mini.

Kin tambayi ranar da za a fara ƙirga addu'ar bakwai ta ɗana Telmo. Takardar asibiti ta ce Talata ya rasu. Kada ki bi ta.

Ran Talatar, wani likita da ko gemu bai tara ba ya haska masa tocila a ido, ya ɗura masa ruwan sanyi a kunne, ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwa ta mutu, inji ne ke numfashi."

Na ce, "Ɗan nan, gawa nawa ka taɓa wankewa?"

Ban yi boko ba, amma ranar mutuwar kowa a ƙauyenmu tana kaina.

Kwana biyu suka riƙe shi a kan injin saboda za a dasa wa wasu marasa lafiya ƙodarsa da hantarsa. Shi da kansa ya sa hannu a kan haka tun yana lafiya, ban hana ba. Suna juya shi, suna shafa masa mai, wai mamaci.

Ki gaya wa limamin coci Alhamis ce, ranar da aka cire masa injin. Ran Laraba ya yi zufa, ni na share masa goshi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
Abílio