Igiyar Rijiya Domin Yari

Illela, ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Muharram, shekara ta 1330 daga Hijira.

Daga hannun yayanka Attahiru ɗan Malam Abu, zuwa ga ƙanena Mukhtari da ke Zangon Kumasi. Gaisuwa mai yawa, da so, da aminci, da kewa wadda ba ta raguwa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya, kai da Zuwaira da dukan 'ya'yanmu, ya sa albarka a cikin fataucinka, ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Gero ya yi kyau bana, har rumbun Baba na tsakiya, wanda muka daɗe ba mu cika ba, ya cika ya yi saura. Ƙanwarmu Hadijatu ta sauka lafiya, ta sami mace, an sa mata Jamilatu. Matata Ummu tana fama da ciwon gwiwa amma ba ya hana ta faɗa. Samarin da ke karatu a zaurena yanzu sun kai ashirin da ɗaya, wasu daga Garu, wasu daga Darna, har da biyu daga wajen Konni, waɗanda tun da Turawa suka kafa duwatsun iyaka ake ce musu mutanen Faransi, alhali kakarsu da kakarmu rijiya ɗaya suka sha.

Takardarka ta iso ta hannun Madugu Lawwali, na karanta ta sau uku. Na ga abin da ka faɗa game da ɗanka Yari: cewa zuciyarsa ta tafi ga kokawa, cewa ya ga sojan Turawa a bariki suna ɗaga ƙarfe, sai shi ma ya jawo guntayen ƙarfen hanyar jirgi ya tara a bayan ɗakinsa, yana ɗagawa safe da yamma har kafaɗarsa ta goce aka kira mai ɗori. Na ga kuma inda ka ce ka rantse ba zai sake shiga fage ba, ko da kuwa ya riga ya karɓi kiran wani Bazabarme su kara da Ƙaramar Salla. Abin da ba ka rubuta ba Madugu ya gaya mini da baki. Ya ce yaron ya yi tsawo, ya yi faɗin ƙirji irin na Baba, ya ce idan yana tafiya sai ka rantse Malam Abu ne ya taso daga kabari ya rage shekaru. Ya ce kuma tun ranar da ka yi rantsuwar Yari ya daina cin abinci tare da ku, yana ɗaura huhun goro kamar wanda aka yi wa mutuwa, har ya fara tambayar mutane yadda ake shiga soja. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni sakewa. Idan ya shiga barikin nan, ni da kai mun san ba mu muke da shi ba kuma.

Ka yi haƙuri in koma da kai baya. Ka tuna shekarar da aka yi babbar kokawa a Amarawa bayan girbi, ina da shekara goma sha bakwai kana da goma sha huɗu? Wata biyu kafin ranar, ba mu da zance sai ita. Muna jiƙa tawada muna zancenta, muna wanke allo muna zancenta, Baba yana ɗaga kai mu yi shiru, yana sunkuyawa mu ci gaba. Ni na ƙudurta cewa ƙarfi a damtse yake, kuma abin da ya fi komai nauyi a gidanmu shi ne dutsen niƙan Inna. Kullum idan ta tafi rijiya sai in tono shi daga mazauninsa, in rungume shi, in kai shi bakin rumbu in dawo da shi, kai kuma kana tsaye a ƙofa kana duba hanya. Har yanzu ina jin ƙamshin garin dawa da ke manne da rigata, ina kuma jin muryar Inna tana mita cewa ita dai ba ta san abin da ke damun dutsen nan ba, kullum sai ta tarar ya karkace.

Ranar da abin ya faru, ni na ce maka ka gwada. Ka ce ba za ka iya ba, na yi maka dariya, na ce ashe ƙanwa aka haifa mini ba ƙane ba. Ka sunkuya da ƙafafu a miƙe, ka ciccibe shi da baya, na ji ƙarar da bayanka ya yi tun daga inda nake tsaye. Da Baba ya dawo ya tarar da kai kwance, ni na yi saurin cewa jaki ne ya kayar da kai a hanyar Garu, kai kuma ka dube ni, ka ce haka ne. Wata uku ka yi a kan tabarma. Baba ya sayar da jakin nan mai farin baki, wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba, Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta bari jikokinta su hau jaki ba tare da an riƙe su ba. Daga nan ba ka sake ɗaura walki ba, kuma na san har yau idan ka daɗe a zaune sai ka dafa bango kafin ka miƙe. Shekara talatin ke nan, ba ka taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tayar da ita ba.

Kai ba ka ga yadda aka yi a Amarawa ba, domin kana kwance, ni kuma da na dawo na ce maka santsi ne ya kwashe ni. Ba santsi ba ne. Na shiga fage damatsana kamar tabarya, makaɗa suna ta kiran sunan Baba, sai aka fito mini da Jaɓɓo, Bafillacen rugar yamma, siriri, ƙafafunsa kamar karan dawa. Na rungume shi yadda nake rungumar dutse, na yunƙura in ɗaga, sai na ji babu shi a inda na kama. Ya riƙe wuyan hannuna, riƙon da ban taɓa jin irinsa ba, ya ja ni kaɗan, ya saki kaɗan, na tsinci kaina ina kallon sama. Na nemi a sake, aka sake, ya maimaita. Da zai ɗaga ni, sai ya raɗa mini cewa ɗan malam ya koma ya gaya wa dutsen da ya koya masa kokawa cewa mutum yana motsi. Ashe matan ruga da ke kawo nono gidanmu sun daɗe suna ganina, labarina ya riga ni zuwa fage.

Na yi kwana bakwai ina fushi, ran na takwas na tafi rugarsu. Bai koya mini kama ko ɗaya ba. Ya kai ni bakin rijiyar shanu, wadda igiyarta ta fi gaba ashirin, ya miƙa mini wasaki, gugan nan na fata mai ɗaukar ruwan tulu biyu, ya ce in shayar masa da garke. Rani guda na yi ina jan ruwa. Tafin hannuna ya fashe ya warke, ya sake fashewa. Abin da na gane a nan shi ne wasaki ba ya zuwa shiru. Yana lilo, yana bugun bangon rijiya, ruwa yana tangaɗi a ciki, nauyin yana sauya wuri a kowane ja, dole ƙafa da ƙugu da yatsu su yi aiki tare, in ba haka ba ya ja ka ciki. Ban taɓa kayar da Jaɓɓo ba, kada in yi maka ƙarya ta biyu, amma shekara huɗu a jere babu wanda ya kai bayana ƙasa daga nan har Konni in ba shi ba, kuma ko yatsa ban taɓa gocewa ba.

Da na gama karanta takardarka na tafi wurinsa. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, amma bakin yana nan. Na ba shi labarin Yari da ƙarfen jirgi, ya yi dariya har ya yi tari, ya tambaye ni ko mi ke damun gidan Malam Abu da son ɗaukar abin da ba ya numfashi. Na ce masa a Kumasi babu rijiya mai zurfi, ruwa a kusa yake. Ya ce to a kai wa yaron rijiyar har gida. Ya sa matarsa Altine ta ɗauko wata igiyar rama da ya tufka da hannunsa, mai kauri kamar wuyan hannu, gaba goma sha biyu, ya ce in aika masa. Tana cikin kayan Madugu, na naɗe ta a tsohon buzuna.

Ga yadda za a yi da ita. A nemi itace mai reshe ƙaƙƙarfa a cikin gida ko kusa, a shimfiɗa fata a kan reshen don kada igiyar ta cinye, a ratayo ta, a ɗaura mata jakar fata cike da jiƙaƙƙen rairayi. Ya riƙa ja hannu bayan hannu har jakar ta taɓa reshe, sa'an nan ya sauke ta a hankali, kada ya saki ta faɗo, domin saukewar ita ce rabin aikin. Ya fara da rabin jaka. Amma kafin igiya, kafin komai, a zuba masa rairayi a wani lungu na tsakar gida, mai zurfin da ƙafa za ta nutse har idon sawu. Na ji ƙasarku ja ce mai tauri, kuma wanda yake tsoron faɗuwa ba ya koyon kaye. Samarin zaurena ma haka na yi musu a bayan gida, mangala tara na jaki, duk ranar Alhamis da ba karatu sai su tuɓe su shiga, ina zaune ina raba su. Ban taɓa ganin ya rage musu hadda ba. Wanda ya gaji a rairayi shi ya fi natsuwa a gaban allo.

Idan yana son abin ɗauka, a ɗinka masa taiki mai tsawon mutum, a cika da rairayi da ƙaiƙayi, kada a danƙare shi. Ya rungume shi, ya durƙusa da gwiwa ya ɗaga, ya juya shi daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Taiki yana lanƙwasa, yana zamewa, idan ya suɓuce ya faɗo a kan ƙafa ba ya karya ta. Ƙarfen jirgin nan kuwa a mayar wa masu shi. Ban ce sojan Turawa ba su san abin da suke yi ba, wataƙila akwai mai tsaya musu a kai yana nuna musu, amma Yari shi kaɗai yake a bayan ɗaki, kamar yadda muke mu biyu a gaban dutsen Inna. Kada ya taɓa ko ɗaya cikin waɗannan sai mai ɗori ya ce kafaɗar ta kama, sai kuma ya iya ɗaga buta cike da ruwa sama da kansa ba tare da ya yamutsa fuska ba. Zuwaira ta riƙa shafa masa man kaɗanya da ɗumi. Daga yanzu zuwa Ƙaramar Salla akwai wata takwas da wani abu, sun isa, in an bi a hankali. Kuma ka nemo masa dattijo cikin mutanenmu na Zango wanda ya taɓa shiga fage, ya riƙa zama yana kallonsa.

Mukhtari, na san abin da ka gani ranar da aka shigo maka da shi riƙe da kafaɗa. Kanka ka gani a kan tabarmar Inna. Amma kokawa ba ta yi maka komai ba, ko fagen ba ka kai ba. Dutse ne da wautar yayanka. Ina roƙonka ka yafe mini, kuma ina roƙonka kada Yari ya biya abin da ni na yi. Jiya na zaunar da Hadijatu na gaya mata gaskiyar abin da ya sami bayanka, ta yi kuka, ta yi mini faɗan da ya kamata a yi mini tun ina goma sha bakwai. Kai ma ka kira Yari ka karanta masa wannan takarda tun daga farko, kada ka tsallake wurin da ya shafe ni.

Saura rantsuwarka. Ka san hukuncin kamar yadda na sani, a gaban Baba muka karanta shi tare: wanda ya rantse sa'an nan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya bi alherin. Na auna geron ciyar da miskinai goma daga gonarmu ta gado, wadda kai ma kake da rabo a ciki, na ware shi a ɗakin Ummu. Ba zan taɓa shi ba sai da izininka, domin rantsuwar taka ce. Kalma ɗaya ta isa, ka ba duk wanda zai fara tasowa arewa.

Ka gaishe mini da Zuwaira, ka ce mata ta kwantar da hankalinta. Ka gaishe da ƙananan duka, da maƙwabtanka na Zango. Ummu tana gaishe ku, Hadijatu da mijinta Maccido suna gaisuwa, Jaɓɓo ya ce a gaya wa Yari idan ya kayar da Bazabarmen ya zo Illela, akwai wani tsoho mai ido ɗaya da ke jiransa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka mai jiran amsarka,
Attahiru.