Majanyin Uwar Ilu da Maganar da Lasifikarku Ta Yi a Kaina

Zuwa ga Manajan filin wasannin da aka kafa a bayan ganuwar Kano,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya jama'a, yaya ɗawainiyar baƙi? Allah ya taimaka, ya ƙara kasuwa.

Sunana Mudi, masunci ne ni a Wudil. Boko a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da gemuna, don haka in ka ga rubutun ya karkace, hannuna ne, ba wanda na biya ya tsara mini magana. Na aika da wannan takarda gidan jarida maimakon ofishinka da gangan. Abin da aka yi mini a filinka ranar Asabar ɗin makon jiya ba a ɗaki aka yi shi ba, da lasifika aka yi, don haka ni ma ba zan yi raɗa ba.

Ina da ɗa guda ɗaya, Ilu, shekararsa biyu da rabi. Uwarsa Hajara ta rasu da daminar bara, Allah ya jiƙanta. Bisa ƙa'ida kakarsa ta wajen uwa, wadda ke zaune a Lajawa, ita ya kamata ta riƙe shi. Ni na durƙusa gaban dattawa na roƙa a bar mini shi ya zauna da ni da tsohuwata, suka yarda bisa sharaɗi ɗaya, cewa duk ranar da aka ga sakaci daga wajena, za a zo a ɗauke shi. Ka riƙe wannan sharaɗi a ranka, don a kansa duk maganata take.

Ilu yaro ne mai ƙiriniya, ba na ɓoyewa. Ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. An taɓa janyo shi daga bakin rijiya, an taɓa zaro shi daga ƙarƙashin bijimi a kara, inda ake sayar da dabbobi, ranar kasuwa, yana dariya abinsa. Mu mutanen bakin kogi muna da dabararmu game da irin waɗannan yara tun kaka da kakanni. In za ka shiga kwale-kwale da ƙaramin yaro, sai ka ɗaura masa ƙyalle a ƙugu, ka ɗaura ɗaya bakin a hannunka. Haka ubana ya yi mini, ga ni da raina. Ni kuwa majanyin da uwarsa take goyonsa da shi nake amfani da shi, saƙi ne baƙi mai jan baki. Yaron ya saba da shi, in ya ga na ɗauko da kansa yake ɗaga hannuwa, don ya san fita za a yi.

Direbobin da ke tsayawa cin kifi a wajenmu su suka cika mana kunne da labarin filinku. Wai akwai lilo mai juyawa da inji, da ƙaramin jirgin ƙasa da yara ke hawa, da madubin da ke mai da mutum gajere kamar turmi. Tun rasuwar uwarsa yaron nan bai ga wani abin farin ciki ba sai ruwa da taru. Na ajiye sana'ata kwana uku, muka hau babbar mota, muka sauka wajen wani aminina a Fagge. A mota Ilu ya taka cinyar kowa, ya tuɓe wa wani dattijo hula, amma bai yi nisa da ni ba ko taku uku, saboda yana ɗaure a hannuna. Muka keta kasuwa da kekuna da motocin birni lafiya lau, har muka iso ƙofarka. Ga abin da ya biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Na sayi tikiti kamar kowa, na shiga layi kamar kowa. Mai tsaron ƙofarka, wani dogo mai kaki da gashin baki, ya dubi majanyin ya ɗaga murya ya ce, "Malam, nan ba kara ba ce, ba a shigo mana da abu a ɗaure." Jama'a suka kwashe da dariya. Na haɗiye, na yi masa bayani cikin ladabi cewa yaron ba ya zama, kuma ni kaɗai ne da shi. Ya ce umarni ne daga sama, wai akwai Turawa masu ɗaukar hoto a ciki, kada su ɗauka su kai ƙasarsu a ce muna ɗaure 'ya'yanmu kamar awaki. Ranka ya daɗe, ina tambayarka, da hoton Bature da ran ɗana wanne ya fi nauyi a wajenku? Mai tsaron ƙofar bai ma jira na amsa ba, ya sunkuya ya kwance kullin da hannunsa, ya jefa majanyin cikin wani akwatin katako, ya ce in karɓa in zan fita.

Nan ne laifina yake, kuma zan faɗe shi da bakina don kada wani ya riga ni. Da na juya na koma gida. Amma Ilu ya riga ya hango lilon yana juyawa, yana miƙa hannu yana tsalle yana kiran "Baba, mota," layi kuma na ture ni ta baya. Zuciyata ta karye, na shiga. Wannan kaɗai na ɗauka, ba zan ɗauki ko ƙwayar zarra a kansa ba.

Na biyu. Na saɓa shi a wuya muka zaga. Ya ga madubin, ya yi dariya har da shaƙuwa, rabon da in ji wannan dariya tun uwarsa na da rai. Da muka zo wajen lilo aka ce sai an sake yankar wani tikitin a wata 'yar taga mai tsawo. Mai tagar ya ce in sauke yaron, wai yana harbin katakonsa da ƙafa. Na sauke shi na matse shi tsakanin gwiwoyina, na sa hannu biyu ina kwance bakin lalita. Daidai nan jirgin yaran ya yi kuka, mutane suka yunƙuro gaba ɗaya, aka banke ni. Kafin in miƙe tsaye ba Ilu. Wanda bai taɓa duba ƙasa ya ga wayam a inda ɗansa yake tsaye ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Na yi shekara ashirin a kan ruwa, kwale-kwale ya kife da ni ba sau ɗaya ba, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

Na uku, kuma wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na ruga ofishinku na ce a taimake ni. Akawunka ya zaunar da ni, ya tambayi sunana da garinmu da sana'ata, yana rubutawa a hankali kamar mai zanen hula. Na ce masa yaron na sanye da riga shuɗiya da jar hula, yana da ɗan tabo a goshi, a faɗa wa jama'a su duba ƙasa. Ya ce ya ji. Sai ga lasifika ta ɗauka, da muryar ba'a, cewa wani Mudi masunci daga Wudil ya yar da ɗansa a fili ya tafi kallon madubi, mutanen ƙauye a riƙa kula da 'ya'ya, ba a nan ake kiwon sake ba. Sau uku aka maimaita. Ba a ambaci riga ba, ba a ambaci hula ba, ko sunan yaron ba a kira ba, alhali Ilu na amsa sunansa. Sunana kaɗai filin nan ya ji. Dubban mutane suka san wanda za su yi wa dariya, ba wanda ya san yaron da zai nema.

Na huɗu. Ba ma'aikacinka ne ya samo shi ba. Wata baiwar Allah mai tallan gyaɗa, wadda ko sunanta ban samu na tambaya ba, ita ta hango jar hula a ƙarƙashin dandamalin lilo. Ashe Ilu ya rarrafa ya shiga wajen injin da ke juya lilon, don ba shinge, ba ko zana. Ta watsar da farantinta ta janyo shi ta ƙafa. Ya riga ya dafa bututun hayaƙi, tafin hannunsa na dama ya saluɓe. Tsakaninsa da bel ɗin injin bai kai kamu ɗaya ba, na koma na gani da idona. Kun sa ƙato a ƙofa yana gadin majanyi, kun bar inji a buɗe a wurin da kuka tara yara. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna, in wannan takarda ta kai kunnenta ta sani Mudi na Wudil bai manta ba.

Na biyar. Da zan fita ɗauke da yaro yana tsala ihu, na tsaya a ƙofa na nemi majanyina. An canja mai gadi, sabon ya ce bai san zancen ba, akwatin kuma an kulle an kai ciki. Washegari na dawo bayan an wanke wa yaron hannu a asibiti, aka ce Manaja ba ya nan. Ƙyallen nan ba zai yi ko sisi a kasuwa ba, na sani. Amma shi kaɗai ya rage mana da ƙamshin uwarsa, kuma ba kyauta na ba ku ba.

To, ga inda maganar lasifikarku ta kai. A cikin taron nan akwai fataken Lajawa. Kafin motarmu ta tsallake kogi labari ya riga ni isa, kuma ba a ce an kwance wa yaro ɗauri a ƙofa ba, cewa aka yi hukuma da kanta ta yi shela cewa Mudi ya yar da ɗansa. Surukata ta zo har gida. Ta kwance tsumman hannun ta duba, ta daɗe tana kallo, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na fara bayani ta ce, "Mudi, ni ban je birni ba. Amma abin da aka faɗa da ƙaho a gaban duniya, ni ce zan ce ƙarya ne?" Ta ce ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, za ta dawo da dattawan da suka yi sharaɗin, su tafi da shi.

Ban ga laifinta ba. Ta binne 'yarta, ba ta son ta binne jikanta. Laifin na wanda ya ba ta wannan magana ne, kuma a filinka aka ƙera ta. Mutanenmu suna ganin duk abin da ya fito daga lasifika daga bakin manya ya fito. Yanzu ni da na riƙe yaron nan shekara guda, na tauna masa abinci, na goya shi a bayana maza suna yi mini dariya, ba ni da shaidar da ta kai ta ƙarfen da ke rataye a kan sandarku.

Abokaina sun ce in yi shiru, wai talaka ba ya ja da masu inji. Na ce ban iya ba. Ba kuɗi nake nema ba, kada a aiko mini da ko kwabo, na biya asibiti da guminna. Abin da nake buƙata shi ne wannan.

A rubuto takarda da sa hannunka, a ce ma'aikacinka ne ya kwance yaron daga hannuna bisa umarninku, bayan na roƙe shi ya bari. A aiko ta hannun kowane direban Wudil, duk sun san rumfar kifina. Ina da wanda zai karanta wa dattawa.

A sake kunna lasifikar nan, a kira sunana da garina kamar yadda aka kira su, sau uku, a ce Mudi bai yar da ɗansa ba. A dawo mini da majanyi. A kewaye injin nan da shinge tun kafin ya ci hannun wani ɗan gaba ɗaya. Kuma duk uban da ya zo da ɗansa a ɗaure a hannunsa, a bar shi ya shiga, shi ya san abin da ya haifa. In Bature ya ga abin ɗauka ne, ya ɗauka, ni zan ma gyara masa tsayuwa.

In takardarka ba ta zo ba, ba zan yi jayayya da dattawa ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Zan naɗe masa 'yan rigunansa da hannuna in miƙa shi. Amma ka sani, daga ranar ba ni da wanda zan yi wa sammakon kamun kifi, ba ni da abin da zai tsare ni a Wudil. Zan zo in tsaya a ƙofar filinka tun buɗewa har rufewa, in gaya wa duk mai ɗauke da yaro abin da ke ƙarƙashin lilonku. Ba ni da lasifika, amma na saba kiran mutum daga wancan gaɓar kogi, kuma yana ji.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya raya maka zuriyarka a gabanka, ya sa kada wata rana ka tsaya kana roƙon a bar maka ɗanka. Ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ilu na nan gefena yana fama ya cire tsumman hannunsa da haƙori, bai san me ake nufi da Juma'a ba. Ni na sani, saura kwana tara.

Na tsaya nan, wassalam.

Naka,
Mudi Masunci,
Bakin Kogi, Wudil.